Bugun zuciyar da aka ɗauka gyambon ciki ne: amsa ga mai tambaya daga Tawa

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya daga Tawa. Ya ce yayansa, ɗan kasuwa mai shekara 52, ya shigo gida bayan sallar isha'i yana dafe da ƙirji, yana cewa wani abu ya danne shi. Ya jiƙe sharkaf da zufa, ya yi amai. Iyali suka ɗauka gyambon ciki ne ya motsa, aka jiƙa masa kanwa, aka aiki yaro ya sayo magani wurin mai tebur. Haka ya kwana yana juyi. Da asuba ya yanke jiki ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa, likitan da ya duba shi kuma ya ce bugun zuciya ne. Mai tambayar yana son sanin abin da ke kawo wannan ciwo ga mutumin da ake gani lafiyarsa lau, ko yayan nasa zai tsira da an kai shi tun da dare, da kuma ko su ƙannensa suna cikin haɗari. Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya ba shi shawarar ya riƙa shan asfirin kullum.

Malam, Allah ya jiƙan yayanka, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Ni likitan zuciya ne a nan Yamai, kuma irin labarin da ka bayar shi nake yawan ji daga dangi a ƙofar ɗakin gaggawa. Zan fara da tambayarka ta tsakiya, don na san ita ce ke hana ka barci. Sai dai amsar ba za ta zauna maka ba sai ka san abin da ya faru a ƙirjinsa a daren nan.

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Jinin jiki duka ta cikinta yake bi, amma ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin jini da ke kwance a jikinta ta waje, ɗaya a dama, ɗaya a hagu wadda ta rabu gida biyu, faɗin kowace bai fi milimita 3 zuwa 4 ba. Kai mutumin Tawa ne, ka san lambun albasa: kowane fangali da hanyar ruwansa, in hanya ɗaya ta toshe, fangalin da take shayarwa zai bushe ko da rijiya cike take. Bugun zuciya, wanda muke rubutawa infarktus a takardar asibiti, shi ne mutuwar wani yanki na tsokar zuciya saboda jijiyar da ke kai masa jini ta toshe.

Toshewar ta dare ɗaya ce, amma shirinta na shekaru ne. Wani irin maiƙo da ke yawo a jini, kolesterol, yana shiga ƙarƙashin fatar cikin jijiya, ya taru, jiki ya aiko da ƙwayoyin kariyarsa, wurin ya kumbura ya zama tudu mai siririn murfi. Tun mutum yana saurayi abin ke somawa. A 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar da alamun wannan taruwa a jijiyoyin kashi 77 cikin 100. Ranar da murfin tudun ya tsage, jini na taɓa abin da ke ciki sai ya daskare, gudan jini ya cike jijiyar cikin mintuna. Sau da yawa tudun da ke tsagewa bai ma matse hanyar sosai ba kafin ranar, shi ya sa mutum ke kasuwancinsa, yana hawa babur, yana azumi, ba ya jin komai, ana cewa lafiyarsa lau.

Likitoci sun daɗe ba su yarda da wannan bayani ba. James Herrick ya rubuta shi a Shikago tun 1912, ya ce gudan jini ne ke toshe jijiyar kuma ba lallai mutum ya mutu nan take ba, aka yi ko oho da shi. Har cikin shekarun 1970 ana gardama ko gudan jinin ne ke kawo ciwon ko kuwa bayan mutuwa yake samuwa. Sai a 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a garin Sifoken na Amurka suka yi ƙarfin halin ɗaukar hoton jijiyoyin marasa lafiya tun ciwon yana ɗanye. A cikin waɗanda aka duba kafin awa 4, kashi 87 cikin 100 jijiyarsu a rufe take ruf. Daga nan gardama ta ƙare, tambaya ta koma yadda za a buɗe ta.

Kafin nan ma, a 1977, Keith Reimer da Robert Jennings sun ɗaure jijiyar zuciyar karnuka suna kwancewa a lokuta daban-daban, don su ga saurin mutuwar tsoka. Bayan minti 20 zuwa 40 ta fara mutuwa daga ciki. Bayan awa 3 fiye da rabin yankin ya tafi, bayan awa 6 mafi yawansa. Tsokar zuciya in ta mutu ba ta tsirowa, tabo ne ke maye wurinta. Kuma tsokar da ke shaƙe tana iya rikita lantarkin zuciya, bugu ya koma karkarwa, jini ya tsaya cak. Bisa ga dukkan alamu abin da ya kayar da yayanka da asuba ke nan. Wannan karkarwa tana da magani, na'ura ce da ke ba zuciya shokin ta dawo daidai, amma sai mutum yana kusa da ita a cikin mintunan farko. Desmond Julian ne ya kawo shawara a 1961 a riƙa tara masu bugun zuciya a ɗaki guda, na'ura na kallon bugunsu, ma'aikatan jinya na kusa. Wannan tsari ya rage mace-mace a asibitocin Turai da Amurka daga wajen kashi 30 zuwa wajen kashi 15 cikin 100.

Binciken da na fi so kowane ma'aikacin lafiya a Nijar ya haddace shi ne wanda aka buga a 1988, ana kiran sa ISIS-2. Masana daga Oksfod ta Ingila suka jagorance shi, aka sa marasa lafiya 17,187 a ƙasashe 16. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka ba su asfirin, wasu aka ɗaura musu ruwan wani magani mai narkar da gudan jini, sitireptokinaz, wasu duka biyu, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta. Bayan mako 5 aka ƙirga. Asfirin shi kaɗai ya rage mutuwa da kashi 23 cikin 100, maganin narkarwa ya rage da kashi 25, biyun a haɗe da kashi 42. A cikin kowane mutum 100 da ba su sami ko ɗaya ba, 13 sun mutu, a cikin waɗanda suka sami duka biyu, 8. Shekara 2 kafin nan, likitocin Italiya sun gwada maganin narkarwar a kan mutum fiye da 11,000, suka ga amfaninsa ya fi yawa nesa ba kusa ba ga wanda aka yi wa a awar farko. Asfirin ɗin nan dai shi ne wanda ke kowane farmasi na Tawa. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don fiye da shekara 30 ke nan da sanin haka, amma har yau mutanenmu suna kwana da ciwon ƙirji a gida.

Akwai hanyar da ta fi wannan, ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har zuwa zuciya, a hura ɗan balan-balan a wurin toshewar, a bar ƴar ragar ƙarfe ta tokare jijiyar. Andreas Grüntzig ya fara aikin balan-balan ɗin a Zurik a watan Satumba na 1977, Jacques Puel ya fara sa ragar ƙarfe a Tuluz ta Faransa a 1986. Gwaje-gwaje sun nuna ta fi maganin narkarwa, amma da sharaɗi: a yi ta cikin awa 2 daga lokacin da aka gano ciwon. Daga Tawa zuwa Yamai fiye da kilomita 500 ne. Ko da gado na jiran yayanka a nan, da likita a tsaye, hanya kaɗai za ta cinye tsokar. Saboda haka ƙa'idar da likitocin zuciya na duniya suka amince da ita ta dace da mu ƙwarai: in aikin bututu ya yi nisa, a ɗaura maganin narkarwa a asibitin da ke kusa, daga baya a tura mutum gaba. A ganina, abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi a jihohinmu shi ne na'urar ECG, wadda ke zana bugun zuciya a takarda, mai aiki dare da rana, da ma'aikacin da ya iya karanta ta, da wannan magani a ajiye cikin firji.

To, da an kai shi tun da dare zai tsira? Ajali na hannun Allah, kuma ko a manyan asibitocin duniya ana rasa wasu. Amma ba zan ɓoye maka ba, damarsa ta fi yawa sosai da ya kwana a asibitin da aka yi masa ECG. Kada wannan ya sa ku ɗora wa kanku ko matarsa laifi. Bugun zuciyar da ya kama ƙasan zuciya yakan zo da ciwo a saman ciki da amai da gyatsa, har ma'aikatan lafiya yana ruɗarwa. Kun yi abin da kuka sani.

Abin da nake so ku sani daga yau shi ne kamannin ciwon. Nauyi ne ko matsi ko ƙuna a tsakiyar ƙirji, mutum ba ya iya nuna shi da ɗan yatsa, sai ya ɗora tafin hannu ko ya dunƙule hannu a kan ƙashin ƙirjin. Yakan haura zuwa wuya ko muƙamuƙi, ya gangara hannun hagu ko duka biyu, ko ya ratsa baya. Zufa mai sanyi tana karyowa ko da a lokacin hunturu. In ya wuce minti 15 bai lafa ba, a nufi babban asibiti ko da ƙarfe 2 na dare ne, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya gwada maganin ciki. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari kuwa wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai haki da kasala da zufa. Mai ciwon kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. In ba shi da tarihin aman jini ko baƙin kashi, kuma asfirin bai taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko shaƙewa ba, ya tauna miligiram 150 zuwa 300 a kan hanya, wato kamar rabin ƙwayar 500. Taunawa za a yi, don ya shiga jini da wuri.

Da kun isa, ku ce da bakinku: ciwon ƙirji ne, muna roƙon a yi masa ECG. Aikin ba ya cin minti 5. Za a kwantar da shi, a goge zufar, a manna wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, a ce ya yi shiru kada ya motsa. Takarda mai ƙananan murabba'ai za ta fito da zane. A zuciya mai lafiya, bayan kowane tsini layin yana komawa ƙasa ya kwanta daidai. In jijiya ta toshe, layin ba ya komawa, sai ya tsaya a sama ya yi doro, kuma wayoyin da doron ya fito a kansu suna gaya mana wace jijiya ce. Ƙa'ida ita ce a yi wannan awo cikin minti 10 da shigowar mutum. In na farko bai nuna komai ba kuma ciwon na nan, a sake bayan minti 15 zuwa 30. Akwai kuma awon jini da ake kira toroponin, wanda ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni. In kuwa mutum ya faɗi a gabanku, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a bar yayyafa masa ruwa. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna, har a cikin motar da za ta kai shi.

Yanzu ga batun dalili. A 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolesterol, jijiyoyinsu suka cika da irin tudun da na faɗa. Aka ce ai zomo ba mutum ba ne. Abin da ya girgiza Amurka shi ne mutuwar shugabanta Franklin Roosevelt a 1945, jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, tansiyonsa a ranar ya kai 30/19 a irin lissafinmu. A zamanin likitoci da yawa suna ganin hawan jini ga dattijo ba abin taɓawa ba ne. A 1948 aka soma bin mutum 5,209 na wani ƙaramin gari, Firamingam, ana auna su duk shekara 2, ana jiran a ga wa zai kamu. Har yau ana bin jikokinsu. Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini da kolesterol da taba da ciwon sukari su ne ke gaba. A Landan kuma, a 1953, Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas masu bene da masu karɓar kuɗin mota da ke yini suna hawa da sauka a matakala. Direbobin da ke zaune sun fi kamuwa, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Ka dubi yinin ɗan kasuwa a yau: babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago, zama a kan tabarma ko kujera har la'asar, shayi mai sukari zagaye uku, da dare a zauna fada.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne da masu kuɗi, har littattafan likitanci na da suna cewa da wuya ya kama baƙar fata a Afirka. Rayuwa ta canja, kuma a da ma na'urar gano shi ba ta kai ko'ina ba. A 2004 Salim Yusuf na Kanada ya buga binciken INTERHEART, wanda ya kwatanta mutum kusan 15,000 da bugun zuciya ya kama da wasu kusan 15,000 masu lafiya, a ƙasashe 52, har da na Afirka kudu da Sahara. Abubuwa 9 ne suka ɗauki kashi 90 cikin 100 na haɗarin, ko a wace nahiya, ko wane launin fata. Manyansu su ne kolesterol, taba, hawan jini, ciwon sukari, teɓa da damuwa. Waɗanda ya kama a Afirka sun fi na Turai ƙuruciya, matsakaicin shekarunsu wajen 54, kusan sa'o'in yayanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Na san a wurin zaman makoki wani zai ce baƙin ciki ne ya kashe shi, ko asarar kasuwa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar. Likitocin Munik sun ƙirga a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka ga a ranakun da Jamus ke wasa masu zuwa da matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau 2 da rabi. Fushi da tashin hankali suna iya tsaga tudun da ya riga ya nuna. Amma ba su ne suka gina shi ba, kuma masu ginin ne muke da ikon taɓawa.

A ƙasarmu babban magini shi ne hawan jini. Binciken ƙasa da aka yi a Nijar a 2007 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan babba 1 cikin 5 yana da shi. Yawancinsu ba su sani ba, don ba ya ciwo. Masu jiran ciwon kai ko jiri kafin su auna suna yaudarar kansu. Tun 1967 aka tsayar da wani gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka kafin lokacinsa, saboda a cikin maza 143 masu tsananin hawan jini, 27 daga waɗanda ba a ba magani ba sun gamu da mummunar matsala, a cikin masu shan magani kuwa 2 kacal. Yau muna da binciken da aka yi a kanmu: gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi sauke tansiyon baƙar fata. Magani ne mai araha, ana samun sa. Matsalar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce dainawa. Mutum ya sha wata ɗaya, a auna a ga 13/8, ya ce alhamdulillahi na warke, ya ajiye ordonansi a ƙarƙashin katifa. Maganin ne ya sauke shi, da an daina zai koma inda ya fito. Haka wasu ke ajiye shi watan azumi gaba ɗaya, alhali yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha, likita zai iya mayar da shi lokacin buɗa baki ko sahur.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ka tsaya kusa da tukunyar gidanku rana ɗaya ka ƙirga: gishiri da hannu, dunƙulen magi biyu ko uku wanda kusan rabinsa gishiri ne, kanwa a miyar kuka ko a wake, sannan yaji a gefen faranti, shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Kanwa ita ma tana da sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri, jiki ba ya bambanta ta da gishiri. A ƙauyukan ƙasar Sin an gwada mutum kusan 21,000, aka sauya wa rabinsu gishirin girki da wanda aka rage wa sodiyom aka ƙara fotasiyom. Sakamakon 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14, mutuwa da kashi 12. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano, kuma harshe yana sabawa cikin ƴan makonni in an rage a hankali.

Taba ba ta buƙatar dogon bayani. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike 141 ya nuna mai shan kara ɗaya a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai shan 20, don haka ragewa ba ta wadatar. Shisha ma taba ce. Wanda ya daina, cikin shekara ɗaya zuwa biyu haɗarinsa yana sauka sosai. A Kareliya ta Arewa, a ƙasar Finlan, an soma wani shiri a 1972 na rage taba da man shanu da gishiri a gari baki ɗaya, kuma cikin shekara 40 mutuwar bugun zuciya a tsakanin magidanta ta ragu da fiye da kashi 80.

Kolesterol kuwa ba a gane shi da ido, siriri ma yana iya samun sa da yawa. Akira Endo na Japan ya gano maganin farko mai hana hanta ƙera shi a jikin wata fumfuna a 1973, daga nan dangin magungunan sitatin suka fito. A 1994 gwajin 4S a ƙasashen arewacin Turai, a kan masu ciwon zuciya 4,444, ya nuna simbastatin ya rage mutuwa da kashi 30. Hujjar da ta fi burge ni daga jinin Afirka ta fito. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na Dalas suka gano cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka, kamar 1 cikin 40, an haife su da wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira PCSK9, wanda ke sa mugun kolesterol ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran mutane da kashi 28 tun daga haihuwa. A cikin shekara 15 da aka bi su, ciwon jijiyar zuciya ya yi musu ƙasa da kashi 88. Ragin ba mai yawa ba ne, daɗewarsa ce ta yi aikin. Daga wannan binciken aka ƙera sababbin allurai masu tsada, amma darasin da ya shafe mu shi ne a fara kula tun da ƙuruciya. Yanzu masana sun juya kan kumburin da ke cikin tudun, har an ga tsohon maganin nan kolshisin yana rage maimaituwar ciwon ga wasu, sannan an haɗa maganin tansiyo da sitatin da asfirin a ƙwaya guda, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2023.

Shawarar abokinka kan asfirin, da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma kada ka bi ta. Asfirin yana ceto a ranar bugun zuciya, kuma wanda ya taɓa kamuwa ko aka sa masa ragar ƙarfe zai sha shi har ƙarshen rayuwa. Ga wanda bai taɓa kamuwa ba lissafin daban ne. Manyan gwaje-gwaje uku da aka buga a 2018, ɗaya a kan tsofaffi fiye da 19,000 a Ostireliya da Amurka, sun nuna ɗan amfanin da ake samu zubar jini a ciki da hanji yana cinye shi. Ga mai hawan jinin da ba a sauke ba, akwai kuma tsoron zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ka kuma yi hattara da diklofenak da ƴan'uwansa da ake saye wurin masu tebur don ciwon jiki, suna ɗaga tansiyo, suna ƙara haɗarin bugun zuciya. Masu tallan jiƙo mai wanke jijiya a rediyo da kasuwa, tambaya ɗaya nake yi musu: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta? Mu likitoci ma da wannan ma'aunin ake auna mu. A shekarun 1980 an riƙa ba masu bugun zuciya wasu magungunan daidaita bugu, ECG yana yin kyau, kowa na murna, sai gwajin CAST na 1989 ya nuna masu shan su sun fi mutuwa fiye da ninki biyu, aka janye su daga wannan aiki.

Game da ku ƙannensa, e, haɗarinku ya ɗara na sauran mutane. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa namiji ya kamu kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko ƴar'uwarsa kafin 65, muna ɗaukar sa a matsayin mai tarihin gida, kuma yayanka 52 yake. Gado ba hukunci ba ne, yana nufin ku fara awo da wuri kuma ku fi kowa tsanantawa. Bayan an share makoki, ku je asibiti da safe ba ku karya ba, kai da ƙannenka maza da mata. A auna tansiyo kuna zaune kun huta minti 5, a hannu biyu, a sake wata rana, in ya tsaya a 14/9 ko sama to hawan jini ne. A auna sukari, in ya kai giram 1.26 a lita sau biyu ciwon sukari ne. A auna kolesterol, ku tabbata an fitar da adadin LDL, wato mugun kolesterol, a duba ƙoda, a sa tef a auna ƙugu daidai cibiya. Ku gaya wa likitan shekarun da yayanku ya rasu da abin da ya kashe shi, don wannan yana sauya shawararsa. In LDL na ɗayanku ya kai giram 1.9 a lita, akwai yiwuwar irin kolesterol na gado ne, wanda ke samun kamar mutum 1 cikin 250 kuma yana bin rabin ƴaƴa. In haka ta fito, ƴaƴan marigayin ma a kai su a auna su, ko da ba su wuce shekara 10 ba.